Barbara McClintock: malamar da ta ƙare rayuwarta tana karatun tsabar masara

Bayan girbin bara, a taron wata ƙungiyar manoma da nake zagayawa, wani dattijo ya zaro goyon masara guda biyu daga aljihun rigarsa ya ajiye a gabana, ransa a ɓace. Na farkon daga babbar gonarsa ne. Farar masara ya shuka, amma ga tsaba rawaya nan da can a tsakanin farare, don haka ya yanke cewa mai sayar da iri ya cuce shi. Na biyun daga 'yar gonar bayan gida ne, irin gargajiya da ya gada. Shi wannan, kowace tsaba ita kaɗai tana da ɗigo-ɗigon launi mai duhu kamar jikin zabo. Tambayarsa ita ce ko cuta ce, kuma ko ya zubar da irin.

Amsar goyon farko mai sauƙi ce, za mu zo kanta. Amsar na biyun kuwa sai da wata malamar jami'a a Amurka ta yi shekaru tana shiga rana a gonar masara kafin duniya ta same ta. Sunanta Barbara McClintock. Yau tarihinta zan ba ku, domin wanda ya san abin da ta gano zai daina yi wa irinsa kallon tsautsayi.

Daga birni zuwa makarantar aikin gona

An haife ta ranar 16 ga Yuni, 1902, a garin Hartford na jihar Connecticut. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu, mahaifinta kuma likita ne. Eleanor aka raɗa mata, daga baya iyayen suka mayar da sunan Barbara. Na san wasunku sun yi murmushi. E, ya yi daidai da kalmarmu ta barbara, kuma barbarar masara ce ta zama aikinta har tsufa. Dace ne kawai, sunan mata ne da aka saba da shi a can.

A unguwar Brooklyn ta birnin New York ta tashi, ba ta san fartanya ba tana yarinya. Da ta gama sakandare a 1919 ta so ta wuce jami'a, mahaifiyarta ta ƙi, tana tsoron idan 'ya mace ta yi zurfi a karatu za ta rasa mijin aure. Wannan magana ai ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Mahaifin yana Faransa a lokacin, yana aikin likitan soja. Da ya dawo sai ya goyi bayan yarinyar, ta shiga Kwalejin Aikin Gona ta Jami'ar Cornell a wannan shekarar.

A 1921 ta ɗauki darasin ilimin gado, wato yadda iyaye ke bar wa 'ya'ya kamanni, a hannun wani malami mai suna C. B. Hutchison. Malamin ya lura da ita a cikin aji. Farkon 1922 ya buga mata waya ya gayyace ta ta shiga darasin manyan ɗalibai, alhali ba ta gama digirin farko ba. Ita da kanta daga baya ta nuna cewa wannan kiran ne ya saita mata hanya. Ta gama digirin farko a 1923, na biyu a 1925, ta zama dakta a ilimin tsirrai a 1927, tana da shekara 25.

Abin da ke cikin masara wanda ido ba ya gani

Kafin mu ci gaba, bari mu fahimci abin da take dubawa. Idan kuka yanki ɗan ganyen masara kuka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗakin bincike, za ku ga ashe an gina shi da ƙananan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. Kowane ɗaki sunansa sel. Saiwa, kara, ganye, tsaba, duk da su aka gina su. A tsakiyar kowane sel akwai wasu siraran zaruruwa da masana ke kira kuromosom. Ni zan kira su zaren gado. A jikin kowane zare an jera ƙwayoyin gado kamar duwatsun wuya a igiya. Wasu sun shafi launin tsaba, wasu tsawon kara, wasu saurin nuna, wasu jure fari.

Masara tana da zare 20 a kowane sel na jikinta, biyu-biyu har kashi 10. Goma daga uwa, wato goyon da ya fitar da gemu. Goma daga uba, wato garin furen da ke zubowa daga saman kara, wanda wasu ke kira bununi.

A zamanin da take ɗaliba an san adadinsu, amma ba wanda ke iya bambance wannan zare da wancan. Ita sai ta gyara hanyar rina su da wani jan rini, ta kuma bar duba saiwa kamar yadda aka saba, ta koma duba sel ɗin da ke cikin furen sama tun yana ƙarami. A 1929 ta fitar da kamannin duka goman: wanne ya fi tsawo, ina kowanne ya tsuke, wanne ke da ƙulli a jikinsa. Kun san yadda makiyayi yake. Ku garke kawai kuke gani, shi kuwa ya san kowace saniya da ƙahonta da tabonta. To haka ta san zaren gadon masara, kuma daga nan ne aka fara iya cewa ƙwayar gado kaza tana kan zare kaza.

Malama da ɗalibarta

Daga 1927 zuwa 1931 tana koyarwa a sashen ilimin tsirrai na Cornell, a ƙaramin matsayi, tana haɗa aji da gona da ɗakin bincike. Shugaban masu binciken masara a jami'ar shi ne Rollins Emerson, ya tara matasa masu ƙwazo a kusa da shi. Cikinsu akwai Marcus Rhoades, wanda ya zama babban masanin gadon masara, da George Beadle, ɗan manomi daga jihar Nebraska, wanda ya ci kyautar Nobel a 1958. Su sun iya haɗa iri a gona, ita ta iya karanta abin da ke cikin sel, sai suka riƙa koyo a wurinta.

A 1929 wata yarinya 'yar shekara 20 mai suna Harriet Creighton ta zo karatun gaba da digiri. McClintock ta ja ta a jiki, ta koya mata aikin madubi, sannan ta damƙa mata wasu tsabar masara na musamman da wata babbar tambaya.

Tambayar ita ce wannan. An daɗe ana zaton cewa lokacin da tsiro ke shirya garin fure da ƙwan goyo, zaren da ya gada daga uwa da wanda ya gada daga uba suna rungumar juna su yi musayar guntaye. Amma ba wanda ya taɓa nuna hakan da ido, saboda zaruruwan biyu kama ɗaya suke. A cikin masarar da ta ba ɗalibar, zare na 9 yana da shaida a baki biyu: ƙulli a wannan baki, wani ƙarin guntu a wancan. Ɗan'uwansa kuma ba shi da ko ɗaya. Kamar igiya biyu ne, ɗaya an ƙulla mata kai an kuma ɗaura mata tsumma a wutsiya, ɗayar an bar ta haka. A kan zaren mai shaida akwai ƙwayoyin gado biyu da ake iya ganin aikinsu a tsaba, ɗaya ta launi, ɗaya ta irin garin da ke ciki.

Suka shuka, suka haɗa, suka girbe, suka duba. Tsirran da halayen nan biyu suka sauya abokin tafiya a jikinsu, da aka duba sel ɗinsu sai aka ga ƙulli da guntun nan su ma sun rabu, kowanne ya koma kan zare dabam. Musaya ta tabbata. Wani babban masani, Thomas Hunt Morgan, ya ziyarci jami'ar ya ga aikin, ya matsa musu su buga shi ba tare da jinkiri ba. Ya fito a watan Agusta 1931, sunan ɗalibar ne a gaba, na malamar a baya.

Wannan musaya tana cikin dalilan da suka sa 'ya'yan goyo ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya. Da ita kuma masu inganta iri ke dogara idan suna so su tara hali biyu a masara guda, misali saurin nuna da jure wuta-wuta. Ita Harriet Creighton koyarwa ta zaɓa. Ta koyar da ilimin tsirrai ga 'yan matan digirin farko a kwalejin Connecticut, sannan a Wellesley inda ta yi karatu, har ta yi ritaya a 1974. Iri ɗaya da malama ta shuka ya ba da dubban ɗalibai.

Suna ya yi nisa, kujera babu

Duk da wannan suna, aikin dindindin ya yi mata wuyar samu. A wancan zamani jami'o'i ba su cika ba mace kujerar farfesa a fannin kimiyya ba. Daga 1931 ta rayu da tallafin bincike na ɗan lokaci, tana kai-komo tsakanin jihohin New York da Missouri da California, masararta na nan, madubinta na can. A 1933 ta sami tallafi ta tafi Jamus, sai ta tarar 'yan Nazi sun hau mulki ana korar malamai Yahudawa daga jami'o'i. Abin ya dame ta, ta dawo gida a 1934 kafin wa'adinta ya cika.

A 1936 wani masanin masara, Lewis Stadler, ya taimaka ta sami matsayin mataimakiyar farfesa a Jami'ar Missouri. Can ta koma aji, tana koyarwa tana kula da ɗalibai, tana kuma nazarin masarar da aka haska wa hasken hoton ƙashi na asibiti, wanda ke kakkarya zaren gado. Ta gano cewa bakin zaren da ya karye yana neman wani karyayyen baki ya manne da shi, idan sel ya zo rabuwa kuma ya sake tsinkewa, haka dai ake ta yi. Bakin asali kuwa ba ya mannewa da komai, domin yana da wata kariya, kamar yadda kuke ɗaure bakin igiya don kada ta warware. Yau masu binciken tsufa da ciwon daji a jikin ɗan Adam suna nazarin wannan kariyar.

Zaman Missouri bai yi mata daɗi ba. Mace ce mai faɗin gaskiya kai tsaye, ba ta iya lallashi ba, ba a sa ta cikin tarukan malaman sashe, ta kuma ga alamar ba za ta yi gaba ba. A 1941 ta tattara ta bar wurin ba tare da tabbacin wani aiki ba. Ƙarshen shekarar Cibiyar Carnegie ta ba ta wuri a tasharta ta bincike da ke Cold Spring Harbor, a tsibirin Long Island kusa da New York: 'yar gona, ɗakin bincike, albashi, babu aji. Nan ta zauna shekara 50. A 1944 aka zaɓe ta cikin majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka, mace ta uku da ta taɓa shiga. A 1945 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana gado ta ƙasar.

Yadda take aiki a gona

Ku da kuke noman masara za ku fi kowa gane wahalar aikin nan. Kowane silin gemu ɗaya yana tafiya ne zuwa tsaba ɗaya, kuma sai garin fure ya faɗa kansa tsabar za ta cika. Iska ce ke ɗaukar garin, daga ko'ina. To mai bincike ba ya yarda iska ta zaɓa masa uba. Kafin gemu ya fito sai a rufe ɗan goyon da jakar takarda. Furen saman da ake so shi ma a rufe shi. Washegari da safe a kakkaɓe garin cikin jaka, a buɗe goyon a zuba, a sake rufewa, a rubuta lambar uwa da ta uba. Garin fure ba ya daɗewa da rai, idan aka makara an yi asarar shekara.

Haka take yi da hannunta, tsiro bayan tsiro, a tsakiyar zafi. Tana zagaya gonar tun tsiro na fitowa, har ta san kowanne da halinsa. Bayan girbi, lokacin sanyi, sai ta zauna da goyo ɗaya-ɗaya tana ƙirga tsaba, tana duba ɗigo, tana gwada abin da ta gani da abin da ke cikin madubi da abin da ta rubuta a katunanta. Akwai masu zuwa wurare masu ɗumi don su yi shuka biyu a shekara. Ita ɗaya ta ishe ta, domin a ganinta ko ɗayar ba a gama karanta ta kafin wata ta zo.

Ƙwayar gado mai tashi daga mazauninta

A 1944 ta shuka 'ya'yan masarar da zarenta na 9 ya sha karaya. Tsirran suka fito da abubuwan mamaki, ganye da zane-zane, tsaba da ɗigo-ɗigo. Yawancin mutane da sun ce lalataccen iri ne. Ita sai ta lura cewa ɗigon yana da tsari, a wani goyon manya ne kaɗan, a wani ƙanana ne barjat. Abin da ke da tsari kuwa akwai mai tsara shi.

Ta bi sawu shekara bayan shekara har ta gano abubuwa biyu a jikin zaren gado. Ɗaya ta sa masa suna Ds, ɗayan Ac. A 1948 ta ga abin da ba a taɓa zato ba: Ds ya bar inda ta san shi a kan zare, ya bayyana a wani wurin. Shi ma Ac yana tashi. Alhali duk masana a lokacin sun ɗauka kowace ƙwayar gado tana zaune daram a mazauninta.

Ga yadda ɗigon ke samuwa, masu noman rani za su gane da sauri. Ku ɗauki ƙwayar gadon launi a matsayin hanyar ruwa da ke kai ruwa fangali. Ds kamar dunƙulen ƙasa ne da ya faɗa cikin hanyar ya toshe ta. Muddin yana ciki, launi ba ya zuwa, tsaba ta fito ba launi. Ds ba ya iya fita da kansa, sai idan Ac yana cikin tsiron. Idan yana nan, yayin da tsaba ke girma, a wani sel ɗin sai toshiyar ta fita, launi ya dawo a wannan sel da duk waɗanda suka fito daga gare shi. Wurin shi ne ɗigon da kuke gani. Idan toshiyar ta fita da wuri, tabon ya yi faɗi. Idan ta makara, ya zama ɗan ƙaramin ɗigo. Wato tana kallon tsaba ta gane lokacin da abin ya faru.

Sai da ta tara shaidar shekara shida kafin ta buga bayanin a 1950, ta kuma gabatar da shi gaban taron masana a Cold Spring Harbor a 1951. Kaɗan ne suka bi ta. Bayanin yana da sarƙaƙiya, sai wanda ya san masara ciki da waje. Ta kuma ƙara da wata babbar magana, cewa waɗannan masu tashi su ne ke kunna ƙwayoyin gado su kashe su yayin da tsiro ke girma, wannan kuwa mutane ba su gamsu da ita ba. A nan a yi adalci: ba raina ta aka yi ba, ana girmama ta ƙwarai, wasu masanan masara ma sun ga irin abin a gonakinsu. Amma yawanci sun ɗauka wani abin al'ajabi ne na masara kaɗai. Ga shi kuma hankalin masana ya koma kan ƙwayoyin cuta, waɗanda ke hayayyafa cikin mintuna, ba sai an jira damina ba. Bayan 1953 ta rage kai wannan aiki manyan mujallu, amma ba ta fasa shuka ba, kuma kowace shekara tana rubuta abin da ta gani a rahoton cibiyarta.

Ta koma koyarwa a mahaifar masara

Masara asalinta ƙasar Meziko ce, inda manoma suka fitar da ita daga wata ciyawa kimanin shekara 9,000 da suka wuce. A ƙasashen wannan yanki da na Kudancin Amurka akwai irin gargajiya kala-kala. Da sababbin iri suka fara yaɗuwa, sai aka ji tsoron na gargajiya za su ɓace, aka shiga tattara su ana adanawa. Daga 1957 aka nemi McClintock ta taimaka, ta kuma horar da matasan masana na waɗannan ƙasashe aikin madubi.

Ta yi tafiye-tafiye zuwa can, ta zauna da ɗalibai. Cikin aikin ta lura cewa ƙullin da ke jikin zaren gado yana bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka ana iya bin sawunsa a gane yadda mutanen da suka yi ƙaura da fatauci da irinsu. Ita da abokan aikinta biyu, Almiro Blumenschein na Barazil da Takeo Ángel Kato na Meziko, suka fitar da babban littafi a kan haka a 1981, bayan aikin kusan shekara 20. Daga 1965 zuwa 1974 kuma tana komawa Cornell lokaci-lokaci a matsayin farfesa mai ziyara, tana zama da ɗalibai.

Gaskiya ta yi halinta

Daga ƙarshen shekarun 1960 wasu masana suka fara cin karo da ƙwayoyin gado masu tashi a cikin ƙwayoyin cuta, sannan a yis na burodi da ƙudan 'ya'yan itace. Aka gano wasunsu ne ke ɗaukar halin jure magani su kai shi daga wannan wuri zuwa wancan, har ya yaɗu tsakanin ƙwayoyin cuta, abin da ke sa maganin da ke aiki jiya ya daina aiki yau, ga mutum ko ga dabba. Nan aka tuna da matar nan da masararta.

A watan Oktoba 1983 aka ba ta kyautar Nobel a fannin likitanci, tana da shekara 81, fiye da shekara 30 bayan ganowar. Ita ce mace ta farko da ta ci kyautar wannan fanni ita kaɗai ba tare da an raba da kowa ba. An ba ta ne saboda gano cewa ƙwayoyin gado na tashi. Babbar maganarta ta biyu, cewa su ne ke tafiyar da girman tsiro, ba ta tabbata yadda ta zata ba, ko da yake an ga suna taɓa aikin ƙwayoyin da ke kusa da su. Ta ci gaba da zuwa ɗakin bincikenta, tana karɓar matasa masu tambaya, har ta rasu ranar 2 ga Satumba, 1992, tana da shekara 90. Ba ta yi aure ba, ba ta bar 'ya'ya ba.

A 2009 aka gama karanta gadon masara gaba ɗaya, sai aka tarar kusan kashi 85 cikin 100 nasa irin waɗannan masu tashi ne, yawancinsu sun daɗe da kwanciya. A jikin ɗan Adam ma sun kusa rabi.

Mu koma kan goyon dattijo

Goyon farko, mai farare da rawaya a cakuɗe, kowace tsaba da launinta guda. Wannan ba ƙwayar gado mai tashi ba ce. Da na tambaye shi, ashe maƙwabcinsa na gabas rawaya ya shuka, rana ɗaya da shi. Kowace tsaba da ubanta, kuma garin furen rawaya idan ya faɗa kan gemun fara, launin yana nunawa a wannan daminar. Ba lallai laifin mai iri ba ne. Na biyun, mai ɗigo a jikin tsaba ɗaya, lafiyayye ne, kuma irin wannan zane sau da yawa aikin masu tashin nan ne. Ana ci, ana shukawa.

Ga abin da nake so kowace ƙungiya ta riƙe:

1. Idan iri kuke so ku ajiye, ku nisanta gonar da wata masara dabam da aƙalla mita 200. Idan fili bai ba da dama ba, ku bambanta ranar shuka da mako uku zuwa huɗu don kada furen ya haɗu. Mafi sauƙi, maƙwabta su yi shawara su shuka iri ɗaya.

2. Ku zaɓi iri tun masara na tsaye, daga tsakiyar gona, ba daga gefe ba. Ku duba tsiron duka, ba girman goyo kaɗai ba. Ku ɗauka daga tsirrai masu yawa, ɗari ko fiye idan da hali, domin iri daga goyo biyar ko goma yana raunana.

3. Haibirid ba a maimaita shi. 'Ya'yansa suna rarrabuwa, amfani ya ragu. Irin da ba haibirid ba ana iya maimaita shi damina biyu zuwa uku idan an kiyaye shi, sannan a sabunta.

4. Ku bambance launi da ruɓa. Ɗigon gado yana cikin fatar tsaba mai ƙarfi da sheƙi. Tsabar da ta yi funfuna, kore-kore ko baƙi-baƙi mai gari, ko ta yi laushi da wari, wannan guba ce. Kada a ci, kada a ba kaji ko dabbobi.

5. Zane a ganye a ƙasarmu sau da yawa cutar zanen ganye ce da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, ko ƙarancin abinci a ƙasa. Kada ku ce gado ne ku yi shiru, ku nuna wa malamin gona.

6. Lokacin fitar fure da gemu ne masara ta fi buƙatar ruwa. Gemun da bai sami gari ba, gurbinsa ne kuke gani wayam a jikin totuwa. Masu ban ruwa, kada a yi sake a waɗannan makonni.

7. Ƙungiya ta sayi littafi guda. A rubuta sunan iri, inda aka samo shi, ranar shuka, ranar fure, abin da maƙwabci ya shuka, da duk wani baƙon abu da aka gani. A ɗora wa yaro ko yarinyar da ke makaranta wannan aiki, a riƙa shiga gona tare da su. Wanda kuka ga yana da ido, ku ja shi a jiki kamar yadda Hutchison ya yi wa Barbara, ita kuma ta yi wa Harriet.

Dattijon namu ya fasa zuwa rigima da mai iri. Shi da maƙwabcinsa sun shirya bana fara za su shuka su biyun. Mai ɗigon kuma ya rataye shi a rumbu, zai shuka shi shi kaɗai a bayan gida, jikarsa ce za ta riƙa rubuta abin da ya fito. Idan kun ga wani baƙon goyo a gonarku bana, kada ku jefar. Ku ajiye shi, ku tuna inda kuka karye shi, ku zo da shi taro na gaba mu duba tare.